Retiro na Madrid ko Park Güell na Barcelona: wanne ya dace da mai tafe da iyali?

Ɗan'uwa, ka ce aiki zai kai ka Madrid a watan Yuni, za ka tafi da uwargida da yara biyu ƙanana da Hajiya mahaifiyarka mai fama da ciwon gwiwa, kuma rana ɗaya tak kuke da ita ta yawo. Tambayarka ita ce ku tsaya a lambun Retiro da ke nan tsakiyar Madrid, ko ku hau jirgin ƙasa zuwa Barcelona ku ga Park Güell da hotunansa suka cika intanet. Allah ya kai ku lafiya, ya ƙara wa Hajiya sauƙi. Ni dai shawarata ku tsaya Retiro. Amma bari in jera maka su gefe da gefe, don kada ka ɗauka na raina Park Güell ne.

Duk da cewa su biyun ana ce musu wurin shaƙatawa, ba abu ɗaya ake zuwa yi a cikinsu ba. Retiro wurin zama ne, a shimfiɗa mayafi a ciyawa, a ci abinci, yara su yi ta guje-guje har su gaji. Park Güell kuwa kamar zuwa ganin jeren ɗakin amarya ne: ka shiga, ka ƙare wa kaya kallo, ka yaba, ka ba na bayanka wuri. Tun daga asalinsu bambancin ya faro.

Retiro lambun sarauta ne. An fara shi a shekarun 1630 don Sarki Felipe na Huɗu, tare da fada da tafkuna, wurin da sarki ke keɓewa ya huta. Sojojin Napoleon sun mai da shi sansani daga 1808, suka lalata galibin fadar. Bayan juyin 1868 da ya kori Sarauniya Isabel ta Biyu daga mulki, lambun ya koma hannun hukumar birni, ya zama na kowa. Faɗinsa ya kai kusan hekta 120, da itatuwa sama da 15,000, kuma a 2021 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da titin Prado da ke gefensa.

Shi kuwa Park Güell ba a ma yi shi da niyyar lambu ba. Wani attajiri, Eusebi Güell, shi ya sa mai zanen gine-gine Antoni Gaudí ya tsara masa unguwar masu hannu da shuni a kan tudun Carmel, filaye kusan 60. An yi aiki daga 1900 zuwa 1914, masu saye ba su zo ba, gida biyu kacal aka gina. Gaudí da kansa ya zauna a ɗaya daga 1906 zuwa 1925. Bayan rasuwar Güell hukumar birni ta sayi wurin, ta buɗe shi ga jama'a a 1926, UNESCO kuma ta karɓe shi a 1984. Wato abin da za ka gani ƙofar unguwa ce da hanyoyinta da kasuwarta da dandalinta, unguwar da ba a taɓa kammala ta ba. Girmansa bai kai hekta 20 ba.

To, maganar da ta fi shafarka ita ce ƙafar Hajiya. Retiro yawancinsa shimfiɗaɗɗe ne, hanyoyi masu faɗi, da benci duk inda ka juya. Ku shiga ta ƙofar da ke fuskantar Puerta de Alcalá, tsohuwar ƙofar birnin, ko ku sauka a tashar Retiro ta layi na 2 na metro, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa. Daga nan zuwa babban tafki 'yar tafiya ce, ba hawa ba gangara na a zo a gani. Kada dai ku biyo ta wajen tashar Atocha, don daga can hawa ne. Park Güell kuwa a jikin tudu yake zaune. Daga tashar Lesseps ko Vallcarca ta layi na 3 sai ka yi kusan minti ashirin a ƙafa, da hawa mai sa haki, ko da yake akwai matakalar lantarki a wani ɓangaren hanyar. A ciki ma matakala ce da gangara da ƙasa mai rairayi. Wanda ya zama dole ya je da dattijuwa, ya ɗauki tasi ko bas mai lamba 24 ya sauka a ƙofar titin Carmel, wadda ta fi sauƙi, ya riƙa gangarowa daga sama. Duk da haka ba zan so a wahalar da gwiwar Hajiya a can cikin zafin Yuni ba.

Kuɗi ma akwai tazara. Retiro kyauta ne, daga ƙarfe 6 na safe har 12 na dare a watannin zafi, ka shiga ka fita yadda ka ga dama. Park Güell tun 2013 ake biyan kuɗin shiga, kuma a 2025 tikitin babba ya tashi daga Yuro 10 zuwa 18. Tikitin da lokacinsa a rubuce, in ka makara fiye da rabin awa ka yi asara, kuma a lokacin hutu yakan ƙare tun kwanaki kafin ranar. Ƙara da kuɗin jirgin ƙasa na mutum biyar zuwa da dawowa, tafiyar awa biyu da rabi zuwa uku kowace fuska, sannan daga tashar Sants a sake neman mota zuwa tudu. Rabin ranar a hanya za ta ƙare, don ganin wurin da awa biyu ta isa a zagaye shi.

Amma gaskiya ɗaya ce: abin da ke Park Güell babu shi a Retiro, babu shi a ko'ina. Kana shiga ta babbar ƙofa za ka tarar da matakala ta rabu biyu, a tsakiya ga ƙaton ƙadangare an lulluɓe shi da gutsattsarin tangaran, shuɗi da rawaya da ruwan lemo, ruwa na zuba daga bakinsa. Sama da shi rumfa ce mai ginshiƙai 86 wadda aka so ta zama kasuwar unguwa. A kan rufin rumfar akwai dandali, an kewaye shi da benci mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji, tsawonsa ya haura mita 100. In ka zauna ka matso da ido za ka ga ashe fasassun faranti ne da kofuna da guntayen tayil da kwalba, abin da wani zai zubar a bola, aka jera su har suka zama ado. Josep Maria Jujol, mataimakin Gaudí, shi ne ya yi yawancin wannan jeren. Abin da ya fi burge ni kuwa ba ya fitowa a hoto: ruwan saman da ya sauka a dandalin yana tacewa ta cikin rairayi, ya bi ta cikin ginshiƙan ya gangara wata babbar ma'ajiyar ruwa a ƙarƙashin ƙasa, rarar kuma ta fita ta bakin ƙadangaren nan. Duk wanda ya san darajar ruwa sai ya jinjina wa wannan dabara. Daga dandalin kana hango birnin gaba ɗaya har bakin teku. Sai dai ba kai kaɗai za ka hanga ba. Layi ake yi don ɗaukar hoto da ƙadangaren, dandalin babu inuwa, kuma yawan baƙi ya kai mazauna unguwar bango, har a 2024 aka cire wata ƙaramar bas ta unguwa daga taswirar waya don tsofaffi su samu wurin zama.

Retiro ba shi da abu guda mai ɗauke numfashi irin wannan, amma yana da abin da zai cika muku yini ba tare da kowa ya gaji ba. A babban tafki ana hayar kwale-kwale, mutum huɗu na minti 45, kuɗin bai kai Yuro 10 ba. Kai da yara ku yi tuƙi, Hajiya da uwargida su zauna a inuwa suna hango ku, ga ginshiƙan tunawa da Sarki Alfonso na Goma Sha Biyu a ɗaya gaɓar. Gaba kaɗan akwai Palacio de Cristal, gini na gilashi da ƙarfe a bakin ƙaramin tafki mai agwagi da kunkuru. An gina shi a 1887 don baje kolin tsibiran Filifin lokacin suna ƙarƙashin Sifaniya, kuma abin takaici har mutanen can aka kwaso aka baje wa 'yan kallo. Akan rufe shi in ana gyara ko sauya kayan baje koli. Lambun furen wardi da aka dasa a 1915 yana kan ganiyarsa ne a watan Mayu da farkon Yuni, ɗawisu kuma na yawo sake a lambun Cecilio Rodríguez, wanda na tabbata shi yara za su fi tunawa. A ƙarshen mako akwai wasan 'yar tsana kyauta. In tafiyarku ta faɗo farkon Yuni za ku tarar da kasuwar littattafai ta Madrid, rumfuna ɗaruruwa a jere cikin lambun, da cunkoso daidai gwargwado. Akwai kuma wani tudu mai itatuwa 192 na zaitun da wasunsu, da aka dasa don tunawa da waɗanda harin jiragen ƙasa na 11 ga Maris 2004 ya ritsa da su. Wurin shiru ne, kuma can gefensa ba za a rasa inda za a shimfiɗa sallaya ba.

Abu ɗaya da Hajiya za ta ji daɗinsa: a rumfunan sha na lokacin zafi ku nemi horchata. Kunun aya ne, da sanyinsa, fari tas. Mutanen Valencia ne suka shahara da shi, kuma duk da suna noma ayarsu, Sifaniya na sayo wata daga Afirka ta Yamma, har da Nijar. Abinci kuwa gara ku taho da naku ko ku tambaya da kyau, don burodi mai naman alade shi ne ruwan dare a irin waɗannan rumfuna. Ruwan famfon Madrid mai kyau ne, akwai famfunan sha a cikin lambun, gora kawai za ku riƙe.

Retiro ma yana da nasa cikas, kuma ya kamata ka sani tun yanzu. In hukumar yanayi ta yi gargaɗin iska mai ƙarfi, musamman haɗe da zafi, ana rufe lambun gaba ɗaya a fitar da kowa. Tsofaffin itatuwa ne, reshe kan karye, kuma a 2018 bishiya ta faɗo wa wani yaro ɗan shekara huɗu ya rasu, don haka ba a wasa da dokar. Yawanci da rana zuwa yamma ake rufewar, shi ya sa zan ce ku je da safe, ku koma masauki da azahar lokacin da zafi ke iya haura digiri 35, ku dawo bayan la'asar in an bar shi a buɗe. A Yuni rana ba ta faɗuwa a Madrid sai bayan tara da rabi na dare, lokaci na nan isasshe. Ka kuma sanar da Hajiya tun a gida cewa za ta ga masu shan rana a kan ciyawa da ƙananan kaya, da karnuka a hannun masu su. Wajen lambun wardi da gefen ɗawisu ya fi natsuwa. 'Yan sane suna nan a wuraren biyu, amma sun fi damun baƙi a Barcelona, musamman a metro. Fasfo ya zauna a masauki, waya kuma kada ta kwana a aljihun baya.

In Allah ya sa aka ƙara maka kwana biyu har kuka samu zuwa Barcelona ku kwana, to a raba tafiya. Kai da uwargida ku sayi tikitin Park Güell na shigar farko da safe, kafin rana ta take. Hajiya da yara kuwa Parc de la Ciutadella ya fi dacewa da su: kyauta ne, a fili yake ba tudu, shi ma da tafki da kwale-kwale, ga gidan namun daji a jikinsa, kuma tashar Arc de Triomf ta layi na 1 tana kusa da ƙofarsa.