Feshin Permethrin na Tufafi: Yadda Muka Gwada Shi a Fadamar Haɗeja

Duk shekara idan shinkafa ta nuna, mukan kwashi iyali mu kafa tanti a bakin gonarmu da ke fadamar Haɗeja, mu yi kwana biyar ko shida, kuma da yake burtalin shanu ya bi ta gefen gonar, kaska ba baƙuwa ba ce a wurin. Bara sai da muka cire guda uku a jikin yara, ɗaya ma a bayan kunnen autata. Shi ya sa bana na sayi kwalbar feshin permethrin, wato maganin kashe kaska da ƙwari, mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100 a wani kantin magani a Kano.

Maganin na tufafi ne, ba a shafa shi a fata, kuma danginsu ɗaya da wanda ake sa wa gidan sauro. Ana gobe za mu tafi na rataye wanduna da safa da tantin a inuwar darbejiya, na feshe su ciki da waje har suka yi damshi, na bar su suka sha iska, bayan na sa an kulle kyanwar gidan a ɗaki, domin maganin yana cutar da kyanwa matuƙar bai bushe ba. Da ya bushe babu wari, babu tabo.

A rana ta biyu na ga aikinsa da idona. Ina zaune a kan kunya sai ga wata kaska mai zane a ƙafafu ta kama bakin wandona tana hawa da sauri, amma kafin ta kai gwiwa tafiyarta ta rikice, ta yi ɗan tangaɗi, ta faɗo ƙasa. Irin wannan kaskar ce ke ɗauke da zazzaɓin Kirimiya da Kwango mai sa zubar jini, wanda ke ratsowa daga dabbobi zuwa mutane, don haka ban ɗauki abin da wasa ba.

Sai dai maganin iyakarsa inda ya taɓa. Yaranmu ba su saba da cusa wando cikin safa ba, da an kau da ido sun tuɓe takalma sun shige ciyawa. A dare na huɗu maiɗakina tana duba su da tocila, kamar yadda muke yi kullum bayan sallar isha'i, hammata da cibiya da bayan gwiwa da cikin gashi, sai ta tarar da guda ta manne a tsakanin yatsun ƙafar babban. Na kama ta da hantsaki daf da fata, na ja a miƙe a hankali ba tare da murɗawa ba, na wanke wurin da sabulu. Wani maƙwabcin gona ya ce a ɗiga mata kananzir, na ƙi, domin jiran ta saki da kanta ƙara mata lokaci ne a jikin yaro. Haka kuma ban yarda a fesa maganin wankan shanu a tufafin mutum ba, komai araharsa.

Takardar jikin kwalbar ta ce feshi ɗaya yana jure wanki shida, mu dai sau biyu muka wanke, kuma bai nuna alamar sanyi ba. Babban aibinsa shi ne tsada da saurin ƙarewa, domin tanti kaɗai ya lashe kusan rabin kwalbar, har rigunan manya ba su samu ba. Baɗi zan sake saya, amma zan bar tantin, in zuba shi duka a wanduna da safa da takalman yara.