Foraminifera da dayatom: ina suka rabu?

Ɗan'uwa, ka ce a darasin burbushin ƙananan halittun teku sunaye biyu ne suka rikita ka, foraminifera da dayatom, tunda kowanne ƙwayar halitta ɗaya ce kuma yawanci sai da maikuroskop, wato madubin ganin ƙananan abubuwa, ake ganinsa. Shawarata ita ce ka fara da ɓawo. In ka san da me aka gina ɓawon, sauran bambancin zai zo maka da sauƙi.

Foraminifera, wanda masu aikin ke taƙaitawa su ce foram, yawanci da kalsiyam kabonet yake gina ɓawonsa, wato sinadarin dutsen da ake yin siminti da shi. Wasu kuma tsintar ƙwayoyin yashi suke yi su manna. Ɓawon ɗaki-ɗaki ne, yana girma yana ƙara sabon ɗaki. Shi kuwa dayatom da silika yake gina nasa, sinadarin gilashi, kuma ɓari biyu ne, kamar kwano da murfinsa. Ɗiga ruwan asid mara ƙarfi ka gani: ɓawon foram mai kabonet zai yi kumfa ya narke, na dayatom ko gezau.

Wajen abinci ma sun rabu. Dayatom dangin gansakuka ne, da hasken rana yake haɗa abincinsa, don haka bai wuce inda haske ke kaiwa ba, a teku ko tafki ko kogi. Foram ci yake yi, yana miƙa wasu zarurruka ya kamo abinci, har da dayatom ɗin kansa, kuma kusan dukkansu 'yan ruwan gishiri ne. Kalmomi biyu za ka riƙa ji a nan: bentik, mai zama a ƙasan teku, da filanktonik, mai yawo a saman ruwa.

Wannan batun ruwan gishirin shi ya fi burge ni, don shaidarsa tana ƙasarmu. Dutsen Kalambaina da ake haƙa a Sakkwato don siminti yana ɗauke da burbushin foram. Ma'ana, kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, teku mara zurfi ce ta rufe wannan yanki. Dayatom kuma labarin tafki yake ba mu. A kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda tsohon babban Tafkin Chadi ya ƙafe, ƙasa fara ce fat saboda tarin ɓawonsa, kuma daga nan iska ke kwaso wani kaso na ƙurar hunturu, har wata ta tsallaka tekun Atilantika ta sauka a dajin Amazon. Ana samun irin wannan farar ƙasa, dayatomait, a Bularafa ta jihar Yobe. Da ita ake tace ruwa, ita ce kuma masanin kimiyya Alfred Nobel ya cuɗa da wani ruwa mai fashewa ya haɗa nakiyar fasa dutse a wajajen 1867.

A ƙasan teku mai zurfi, in an wuce mita 4,000 zuwa 5,000, kabonet narkewa yake yi. Shi ya sa laka mai ɓawon foram take yawa a inda zurfin bai kai haka ba, laka mai dayatom kuma ta fi yawa a ruwa mai sanyi, kamar kewayen Antatika.

In ka ce in zaɓa maka wanda za ka fara koyo, foram zan ce. Ya girmi dayatom nesa ba kusa ba, tarihinsa ya haura shekaru miliyan 500, shi kuwa dayatom sai a zamanin Jurasik, wato tsakanin kimanin shekaru miliyan 200 zuwa 145 da suka wuce, aka fara ganin burbushinsa. Saboda ire-irensa sun yi ta sauyawa daga zamani zuwa zamani, masu neman man fetur suna wanke ɓaraguzan dutsen da suka fito daga rijiya, su duba foram ɗin ciki su gane shekarun dutsen da zurfin ruwan da ya kwanta a ciki. Ga shi foram ya fi dayatom girma, ƙaramin maikuroskop ya ishe ka. Wani nau'insa mai suna Nummulites ma ya kai girman sulalla, ana ganinsa da ido a duwatsun dalar Giza ta Masar.