Kamfanin da ya shirya mana tafiyar jirgin ruwa, ga yadda na gansu

Gaskiya na ji daɗin aikin kamfanin nan, su suka haɗa mana yawon kwana bakwai a tekun Bahar Rum, daga birnin Basalona na ƙasar Sifaniya zuwa Faransa da Italiya mu dawo. Tun ranar farko matar da ke kula da mu ta karɓi fasfo ɗina ta duba ranar ƙarewarsa, ta ce ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, sai ya rage wata 3 bayan ranar fitowarka, wasu ƙasashen ma wata 6 suke nema, kuma bizar Shengen ɗin ba ta samuwa sai da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Wallahi da ni kaɗai ne da na sha wahala.

Abin da ya fi burge ni, ta dage sai mun sauka kwana ɗaya kafin jirgin ruwan ya tashi don shi baya jiran kowa, aikuwa jirgin samanmu ya yi latti sosai amma hankalinmu kwance. Ta kuma ce magani da caja da kaya kala ɗaya su zauna a jakar hannu, haka kuwa akayi, akwatinmu sai dare aka ajiye mana a ƙofar ɗakinmu na cikin jirgin ruwan.

Inda suka gaza, basu faɗa mana intanet ɗin cikin jirgi kuɗinsa daban bane, kuma wayarsu tana wuyar samu a ƙarshen mako, wannan ya ɓata min rai. Duk da haka in zan sake tafiya wurinsu zan koma.