Manhajar lissafin shago: ta yi mini rana, ta kuma ba ni kunya

Tun farkon 2023 muke amfani da wata manhajar lissafi a shagonmu na atamfa da shadda a Kantin Kwari. Irin wadda komai yana can hannun kamfanin ce, kai dai ka shiga ta intanet, ka biya kuɗin wata. Ba zan ci haƙƙinsu ba, ina kishingiɗe a gida nake ganin turmi nawa yara suka sayar, kuma da aka sace wayar yaron shagona ko rasit ɗaya bai salwanta ba. Har talla na riƙa yi musu a layinmu.

Sai ranar Alhamis, 14 ga Maris, 2024, azumi na huɗu, cinikin kayan sallah ya fara kankama. Ranar ce wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Kwaddibuwa. Wani dattijo da muka daɗe muna hulɗa ya taso tun daga Zariya zai rage bashi ya ɗauki sabon kaya. Ya ce, "Alhaji, nawa ya rage a kaina?" Na danna, abu sai juyawa yake. Na canza layi, na ari wayar maƙwabci, shiru. Ga mutum da kuɗi a hannu, ga ni mai shago ban san nawa nake bin sa ba. Ya yi zaman awa biyu a kan benci da bakin azumi, sannan ya ce, "Da tsohon littafinka ne, ai da yanzu na wuce Kwanar Ɗangora." Wallahi har yau maganar tana yi mini ciwo.

Na san ba su suka tsinka wayar ba. To amma me zai hana manhajar ta ajiye ko da jerin masu bashi a cikin waya? Na rubuta musu, sai bayan kwana uku amsa ta zo, ita ma irin ta na'ura.

Ga kuma kuɗin wata da dala. Da na shiga, dalar banki ba ta kai naira 500 ba, kafin azumin 2024 ɗin ta kai wajen 1,500. Wata guda na makara da biya suka kulle ni daga lissafin kaina.

Ban bar ta ba tukuna, don kwashe bayanan ma aiki ne. Amma duk Asabar yanzu sai yaro ya kwafe sunayen masu bashi cikin littafi mai baƙin bango, yana nan ƙarƙashin kanta.