Na kai waƙoƙina a gyara musu hoton bango, aka shafe mini rubutun mahaifina

Tun shekarar 2011 nake tara waƙoƙi, daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa kwamfuta, har suka haura 3,000. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk lokacin da na kunna waƙa a mota ko a waya, ko dai fuskar na'urar ta fito fanko, ko kuma ta fito da tambarin shafin da aka sauko da waƙar daga cikinsa, domin masu shafukan nan sun saba liƙa tallarsu a gurbin hoton mawaƙi, wani lokaci har a gurbin sunansa. Da wani abokin aikina ya yaba mini wani matashi mai shagon tura waƙoƙi a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, sai na kwashi ma'ajiyar kwamfutata da memorin wayata na kai masa, muka yi ciniki a kan farashin da duk wanda ya saba shiga kasuwar zai ce an yi adalci.

Zan fara da gaskiyar da ba zan tauye masa ba: yaron ya iya aikinsa. Ya zaunar da ni a benci ya nuna mini wata manhaja mai suna MusicBrainz Picard, wadda take sauraren sautin waƙa ta ciro wata shaida da ta keɓanta da ita, tamkar zanen yatsa, sannan ta je ta kwatanta a rumbun bayanan waƙoƙi na intanet mai suna MusicBrainz, ta dawo da sunan mawaƙi da sunan faifai da shekarar da ya fito. Hoton bangon kuwa daga Cover Art Archive take ɗauko shi, rumbun da MusicBrainz da Internet Archive suka buɗe tare a 2012. Manhajar kyauta ce, shi da kansa ya faɗa mini haka, ya ce abin da zan biya kuɗin data ne da lokacinsa, kuma wannan maganar ta sa na ƙara yarda da shi. A gabana ya jefa wasu tsofaffin waƙoƙin Indiya da sunayensu suka zama lambobi kawai, cikin ɗan lokaci sai ga su da cikakken suna da ainihin bangon faifansu. Ya kuma lura da abin da ni ban sani ba, cewa rediyon motata ba ta nuna hoto mai nauyi, don haka ya ce zai rage girman hotunan zuwa ɗigon hoto (pixel) 600 tsawo da 600 faɗi.

Bayan kwana biyu na karɓi kayana. A cunkoson titin Gidan Zoo, ina hanyar komawa gida, na yi ta sauya waƙoƙin Mali da na Indiya don kawai in ga bangonsu yana fitowa, kuma a daren na tura wa mutum uku kwatancen shagon. Da a ranar na rubuta wannan sharhi, da yabo zalla za ku karanta.

A rana ta uku na buɗe jakar da na sa wa suna "Kaset ɗin Baba". Mahaifinmu ya rasu a 2016, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana kwali guda na kaset ɗin makaɗan Hausa, na kalangu da na kuntigi da na kotso, waɗanda ya riƙa saye ɗaya bayan ɗaya a Ƙofar Wambai da Sabon Gari. Yana da al'adar rubuta ranar da ya sayi kowane kaset da ajami a gefen takardar bangon, wani lokaci har da sunan wanda suka saurara tare. A 2018 na kwashe wata biyu ina juyar da kaset 64 zuwa kwamfuta, na kai takardun bangon aka yi mini sikanin, na liƙa kowane hoto a jikin waƙoƙinsa da hannuna. Daga baya ruwan damina ya shiga ɗakin ajiya ya jiƙe kwalin, gara ta ƙarasa abin da ya rage, tsohuwar kwamfutar da hotunan suke ciki ita ma ta mutu. Saboda haka hotunan nan ba su da wani gida a duniya in ban da cikin waƙoƙin. Da na kunna ta farko, abin da ya fito shi ne tambarin shagon, ja da rawaya, da lambar waya a ƙasa. Na kunna ta biyu, haka. Na bi su har ƙarshe ina fatan ko ɗaya ta tsira, babu wadda ta tsira, a memorin da ma'ajiyar duka.

Ga wanda bai sani ba, hoton bango a cikin fayil ɗin MP3 yake zaune, a wani sashe da ake kira ID3, tare da sunan mawaƙi da na waƙa. Idan aka ɗora sabo a gurbin tsoho aka adana, tsohon ya tafi ke nan, ba ya faɗawa kwandon sharar kwamfuta balle a je a tsinto shi.

Washegari da hantsi na koma shagon. Na nuna masa, sai ya ce, "Baba, ai waɗannan manhajar ba ta same su a rumbun ba. Kuma na ga hotunan duk sun koɗe, wasu ma an yi musu rubutu da biro, shi ya sa na sa namu don su tafi bai ɗaya. Kowa haka muke yi masa." Na ce, "Ɗana, rubutun biron nan hannun mahaifina ne." Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, sannan ya ba ni haƙuri, ya ce zai mayar mini da kuɗina. Na tambaye shi ko ya ajiye kwafi kafin ya fara aiki, ya ce ba ya ajiyewa saboda kwamfutarsa ba ta da wuri. Ban karɓi kuɗin ba, domin ba shi ne abin da na rasa ba.

Na yarda ba da mugunta ya yi ba, kuma na yarda akwai sakacina, tun da ban riƙe wani kwafi a gida ba, ban kuma ja masa kunne a kan wannan jakar ba. Amma abin da ya hana zuciyata sanyi shi ne, ainihin cutar da na je neman magani, wato tallar wani a gurbin fuskar mawaƙi, ita ce aka ƙara mini, kuma a wurin da ya fi mini ciwo. Lambata tana rubuce a littafinsa. Kira ɗaya na minti guda ya isa ya tambaye ni. Da na sake duba sauran jakunkuna da idon basira, sai na tarar yawancin waƙoƙin Hausa na zamani ma tambarin nan ne a kansu, ashe murnar Indiya da Mali ce ta rufe mini ido a ranar farko. Rashin samun su a rumbun bai ba ni mamaki ba, domin masu sa kai ne suke shigar da bayanai da hotuna a can, kuma kaset ɗinmu na da, sai mu da muke riƙe da su ne za mu iya ɗora su. Wanda bai samu hoto ba, sai ya bar abin da ya tarar.

Saboda haka, mai waƙoƙin waje da yake son a tsara masa su, zai ji daɗin aikin yaron nan, da sharaɗin ya kwafi komai ya ajiye a gida kafin ya miƙa, ya kuma faɗa masa baki da baki kada a taɓa hoton da aka tarar. Ni dai na kira mutum ukun nan na janye kwatancen da na ba su.

Allah Ya taimake ni, ƙanwata da ke aure a Gwammaja tana da wani tsohon memori da na tura mata a 2019, a ciki na samu bangon kaset 41 yadda suke, da rubutun Baba. Na ciro su da manhajar Mp3tag, na mayar da su gurbinsu, na kuma ajiye su a wuri uku. Sauran 23 na goge tambarin na bar su fanko. Asabar biyu ke nan ina zagayawa wurin dattawan da suka taɓa sayar da kaset a Ƙofar Wambai, kuma zuwa yanzu na samu bango biyu irin na Baba, sai dai gefensu fari ne fat.