Shekara guda a kulob ɗin gidan inabi: Chardonnay da ba ta shiga ganga ba

Bari in faɗa tun farko don kada wani ya yi zaton lemo ne: giyar inabi ce nake magana a kai, mai sa maye. Ni Kirista ne, haihuwar Wusasa, aiki ya zaunar da ni a Sakaramento ta jihar Kalifoniya. Wanda addininsa ya haramta masa, ba da shi nake ba, ba kuma talla nake yi ba. Sharhi ne ga 'yan'uwa irina da ke nan Amurka, waɗanda aka taɓa tura wa takardar shiga kulob a gaba bayan sun ɗanɗana kofi biyu, wato rajistar da gidan inabi zai riƙa aiko maka da giya lokaci-lokaci yana cire kuɗi.

Shekara da shekaru na ɗauka ba na son farar giyar nan Chardonnay, wadda ake furtawa Shadone. Duk wadda aka zuba min a wurin biki sai in ji kamar an narka man shanu a ciki, ga nauyi a harshe, ga ƙamshin katako. Ashe ba laifin inabin ba ne. Wata Asabar muka yi tafiyar kamar awa biyu da uwargida zuwa kwarin Russian River a yankin Sonoma, muka tsaya a wani ƙaramin gidan inabi da ba zan kama sunansa ba. Mai zuba mana ta jera kofi biyu, ta ce inabi ɗaya ne, gona ɗaya, shekara ɗaya. Na farko ya kwana watanni a gangar itacen oak, irin mai cin lita 228 da ake amfani da ita a Burgundi ta Faransa, asalin wannan inabi. Na biyu bai taɓa katako ba, a tankin ƙarfe mara tsatsa aka dafa shi, aka kuma ajiye shi.

Uwargida ce ta fara gano bakin zaren. Ta sunsuna na farko ta ce, "Maigida, ai wannan ruwan randa ne da aka turara." Haka ne kuwa. Wanda ya san ruwan randar da aka yi wa turare ya san ƙamshin ba na ruwan ba ne, na mazubin ne. Gangar oak ana ɗan babbake cikinta da wuta kafin a rufe ta, shi ya sa take ba giya ƙamshin banila da na ƙonannen burodi. Man shanun kuma daga wani wurin yake zuwa. Bayan an gama dahuwar farko, akwai ta biyu da wasu ƙwayoyin halitta ke yi, su juya kaifin tsami irin na ɗanyar tufa zuwa tsami mai laushi irin na nono, a nan ne ɗanɗanon man shanu ke fitowa. Mai yin giya na iya hana wannan dahuwar, kuma a kofinmu na biyu an hana ta.

To wannan na biyun shi ya ci ni. Launinsa fari-fari ne da ɗan kore, ba ruwan zinariya ba. A hanci lemon tsami da koriyar tufa, da wani abu kamar gwaibar da ba ta gama nuna ba. A baki yana da kaifi, ya wanke harshe ya wuce, ba ya zama. Amma ba tsiranran ruwa ba ne, domin sun bar shi a kan gasarar yis ɗinsa na wasu watanni, wannan ya ba shi ɗan jiki. Tsamin kuma yanayin wurin ne ya riƙe shi: hazo mai sanyi yana shigowa daga tekun Fasifik da yamma ya kwana a kwarin, inabin ya nuna a hankali. Barasar da ke jikin takardar kwalbar kashi 13 ce cikin ɗari. Daga baya na sayi Chablis, wato Chardonnay ta arewacin Burgundi, inda da yawa daga masu yin ta ba sa damuwa da sabuwar ganga, don in gwada. Ta Faransa ta fi bushewa da gishiri-gishiri, tamu ta Sonoma ta fi 'ya'yan itace. Abin dariya, Chardonnay ɗin da ta fitar da Kalifoniya kunya a gasar ɗanɗano ta Faris a 1976, wato ta Chateau Montelena ta 1973, ta shiga ganga. Ni dai harshena bai bi tarihi ba.

Inda ta fi burge ni shi ne kan teburi. Mai ganga da yaji ba sa shiri, ɗaci ke fitowa. Wannan kuwa mun sha ta da gasasshen kifi mai barkono, mun sha da farfesun kaza, har da masa da miyar taushe, ba ta danne abinci ba, abinci bai danne ta ba. Sai dai kada a fito da ita daga firij a zuba nan take, sanyi na kulle ƙamshin. A ba ta kamar minti goma sha biyar a waje.

Yanzu maganar kulob. A ranar na sa hannu, na ba da lambar katin banki. Sharaɗin shi ne kwalba shida sau uku a shekara, da rangwamen kashi 20 cikin ɗari, da ɗanɗano kyauta ga mutum huɗu duk lokacin da muka je. Kwalbar da nake so dala 28 ce, da rangwame ta dawo 22 da 'yan canji. A takarda ciniki ya yi.

Kwali na farko da ya iso, kwalba ɗaya tak ce tawa. Sauran biyar ɗin zaɓin mai gidan ne: jar Pinot Noir uku, masu tsada fiye da tawa, da Chardonnay mai ganga guda biyu, wato abin da na gudu daga gare shi. Kuɗin da aka cire ya haura abin da na lissafa da nisa. Da na kira, cikin ladabi aka nuna min cewa an turo imel kwana goma kafin a cire kuɗi, kuma cikin wannan lokacin ina iya canza kayan. Na duba, ga shi can cikin tarkacen saƙonni. Rabin laifin nawa ne, amma ai wadda ta miƙo min biro ta ga kofin da na shanye da wanda na ture.

Sai kuɗin aike, wanda ya cinye kusan duk rangwamen. Gidan wayan gwamnatin Amurka ba ya ɗaukar giya, sai kamfanoni masu zaman kansu, kuma dole wanda ya kai shekara 21 ya nuna shaida ya sa hannu. Ni da uwargida duk muna wurin aiki da rana. Sau biyu mai kawo kaya yana liƙa takarda a ƙofa, a na uku na tuƙa mota zuwa ma'ajiyarsu. Wannan a watan Yuni ne, kuma zafin Sakaramento a bazara yana taɓa digiri 40, ba shi da bambanci da Zariya a watan Afrilu. Farar giya da ta yi kwana uku tana yawo a bayan mota ba ta dawowa yadda take. Kwalba biyu sun yi lami, ƙamshinsu kamar dafaffen 'ya'yan itace. A nan na yaba musu: hoto kawai na tura, suka musanya ba gardama, suka kuma riƙe min kayan sai da sanyi ya shigo a Oktoba. Tun daga nan na koma zuwa ɗauka da kaina. Wanda ke wata jihar ya fara duba dokar jiharsa, domin ko bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2005 da ya buɗe hanyar aikawa daga jiha zuwa jiha, kowace da ƙa'idarta.

Abin da ya fi ci min rai shi ne a zagaye na uku. Na shiga shafinsu a kan lokaci, zan cika kwalin da tawa zalla, sai na tarar ta ƙare. Kaɗan suke yi, ba kuma giyar ajiya ba ce, cikin shekara ɗaya ko biyu ake so a sha ta. Mamba bai samu ba, mai wucewa a hanya ya saye.

Giyar na ba ta tara cikin goma. Kulob ɗin biyar, shi ma albarkacin musanyar nan da kyakkyawar tarba. Ya dace da wanda ke kusa da gonar, yana son jar da farar duka, kuma yana karanta imel ɗinsa. Mai son abu ɗaya irina gara ya sayi kwali guda mai kwalba 12 lokacin da sabuwa ta fito, ya nemi rangwamen kwali.

Na soke rajistata bayan na cika zagaye ukun da na yi alkawari, da kiran waya ɗaya, ba a ja ni ba. Na roƙe su su bar sunana cikin masu samun sanarwar fitowar sabuwa. Masu gangar nan biyu har yanzu suna ƙarƙashin bene, uwargida ta ce za ta dafa kifi da su.