Manhajar Molecule Shapes ta PhET: yadda ta sauƙaƙa mini koyar da siffar molikul

Shekara da shekaru ina zana iskar methan a allo, kabon a tsakiya da haidurojin huɗu kewaye da shi, kuma kusan kowane ɗalibi yakan tashi da fahimtar cewa kusurwar da ke tsakaninsu digiri 90 ce, domin abin da idonsa ya gani ke nan a shimfiɗaɗɗen allo. Wannan matsala ce ta sa na gwada manhajar Molecule Shapes, ɗaya daga cikin manhajojin kyauta na shirin PhET, wanda Carl Wieman, mai lambar yabo ta Nobel a fannin fiziya, ya kafa a Jami'ar Kolorado ta Amurka a 2002.

Ƙa'idar da take nunawa ita ce wadda masana kemistiri Gillespie da Nyholm suka daidaita a 1957: tagwayen elektiron da ke kewaye da atam na tsakiya suna ture juna, don haka kowanne yakan nemi wuri mafi nisa daga ɗan'uwansa. A manhajar, idan ka ƙara haɗi na huɗu, wato ka haɗa atam na huɗu da na tsakiya, za ka ga sauran ukun sun matsa da kansu har kusurwa ta tsaya a digiri 109.5, kuma idan ka ja atam ɗaya da yatsa ka sake shi, sai ya koma mazauninsa. Ranar da na fara nuna wannan, wata ɗaliba ta yi ta juya siffar a wayata kafin ta ce, "Malam, ashe ba a kwance yake ba."

Sashen da ya fi burge ni shi ne na molikul na zahiri, inda ake kwatanta hasashen ƙa'ida da abin da aka auna. Ruwa yana da tagwayen elektiron guda biyu da ba su shiga haɗi ba, kuma saboda turinsu ya fi ƙarfi, kusurwarsa takan matse zuwa digiri 104.5.

Manhajar tana nuna wannan matsewa, amma bayanin dalilinta yana wuyan malami, kuma ta taƙaita ga molikul mai atam ɗaya a tsakiya. Ana iya sauke ta a buɗe ba tare da intanet ba, abin da ya sa nake ba malaman kemistiri na sakandare shawarar su fara da ita kafin su ɗauki alli.